Shinkafar da Na Taka a Kwanakin Jego

Tun ban san aure ba nake da tsoro guda, kada wata rana in faɗi da goyo a bayana. Ban taɓa ganin wadda ta faɗi ba. A gidanmu na Argungu ma ni ce mai goyon ƙanne da 'ya'yan maƙwabta tun ina 'yar mitsitsiya, kuma ko tuntuɓe ban taɓa yi da ɗan kowa ba. Amma haka Allah ya yi ni. In na ɗaura zane sai na kwance na sake ɗaurawa, in na ɗora majanyi sai na ja shi har yaro ya fara mutsu-mutsu. Inna takan ce ni ko inuwata na gani sai na tambaye ta lafiya.

Aji huɗu na yi a firamare aka cire ni. Da aka yi mini aure aka kai ni Sakkwato, inda maigidana ke buga tafireta a wani ofishin gwamnati. Wata bakwai da tarewa, wata safiya na tashi na ji ƙafata ta hagu kamar an sa mata safa mai kauri. Na je ɗebo ruwa a famfo na dawo, sai maƙwabciyata ta nuna mini takalmina guda can bakin famfon. Ya fita daga ƙafata ban ji ba. Bayan kwanaki idon dama ya fara gani dishi-dishi, sannan ƙafar ta soma ja. An yi rubutu na sha, an yi hayaƙi, an shafa abin shafawa, daga ƙarshe maigida ya ɗauke ni sai babban asibiti.

Sun daɗe suna bincike. Likitan da ya zaunar da mu ya ce abin da ya fi zato ciwo ne na jijiyoyi, ya kira wani dogon suna da Turanci, multiple sclerosis. Yarinyata ce ta rubuta mini shi a nan, don har yau harshena bai iya juya shi ba. Ya nuna mana wayar lantarki a bango, ya ce jijiya ma tana da riga kamar wannan wayar, to rigar tawa ce ke goguwa wuri-wuri, shi ya sa saƙo ba ya isa ƙafa da kyau. Ya ce yana zuwa yana tafiya, ba a warkewa a rabu da shi, amma ana zama da shi shekara da shekaru. Daga nan aka tura ni sashen gashin ƙashi.

Can na haɗu da wata ma'aikaciya gajeruwa mai Hausar koyo, wadda ba ta taɓa kirana da komai ba sai amarya. Wata uku tana wahalar da ni. In tashi daga kujera in zauna sau goma ba dafawa. In tsaya da ƙafa ɗaya ina riƙe da bango. In kwanta rigingine in ɗaga ƙafa in sauke a hankali. In yi ta kai da komo tsakanin wasu ƙarafa biyu tana biye da ni tana ƙirgawa. Da na shiga sashen maigida ke riƙe ni, da na fita da ƙafata na taka har bakin titi. Ranar sallama ta ba ni takarda mai zanen wasu mutane sirara kamar tsinke, kowanne yana yin abu ɗaya daga cikin abin da ta koya mini, tunda ta san ba na karanta Turanci.

"Amarya, ƙarfin nan da kin samu, randa ce mai yoyo," in ji ta. "Kullum ki zuba. Kin daina zuba, zai ƙare. Kuma zafi ba abokinki ba ne. Rana, wuta, ruwan zafi, ki yi hankali."

Ana cikin haka aka ba mu jiha. Ma'aikata 'yan asalin Kabi aka ce kowa ya kwashe kayansa ya nufi Birnin Kebbi. Garin ya cika maƙil, ɗaki ya yi wuya, har wasu manyan ma'aikata a zaurukan mutane suke kwana. Mu Allah ya taimake mu da ɗaki guda da 'yar baranda a Badariya, a wani gida mai 'yan haya huɗu. Kullum maigida ya fita sai in tura ƙofa in ciro takardata in bi mutanen tsinke ɗaya bayan ɗaya. Ban fasa ba ko rana guda, don tsoro ya fi kowane malami iya sa mutum karatu. Da na sami ciki kuma sai jikin ya yi daɗin da bai taɓa yi ba, har na fara cewa a raina ko likitan nan kuskure ya yi.

Da cikin ya shiga wata bakwai aka mai da ni gida Argungu, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Na sauka lafiya daidai lokacin da ake yankan shinkafa a fadama, sanyi ya fara sauka. Mace na haifa. Ba zan faɗi sunanta ba, 'yar fari ce, har yau yarinyar nake ce mata ko da yake ita ma yanzu tana da nata.

Mata uku ne a kaina. Inna mahaifiyata, mai sanyin hali, wadda ba ta musu da kowa. Gwaggo, yayar mahaifina, ita ce mai wankan jego, duk matan gidanmu ta hannunta suka bi, kuma tana alfahari da cewa ba wadda ta taɓa kumbura a hannunta. Sai Kaka, wadda ta haifi mahaifina da Gwaggo, tsohuwa mai sana'ar turara shinkafa, baki gare ta kamar reza. Ni da ita wasa muke tun ina rarrafe.

Maigida kuwa, don a san ma'aikacin sabuwar jiha ne, itacen wanka ya aiko da shi har kaya shida na jaki. Aka jibge shi gefen rumbu ya kusa kai tsawon katanga. Gwaggo ta zagaya shi tana jinjina kai.

"Wanga yaro ya san darajar mutane," ta ce. "To wallahi sai mun ƙone shi dut."

Da gaske take. Safe da yamma a tafasa ruwa a rabin duro, ta tsoma ganyen dogon yaro tana fyaɗa mini, tururi ya rufe makewayi har ba na ganin hannuna. In an gama a kai ni ɗaki a kwantar a gadon ƙasa da aka sa wa garwashi a ƙarƙashi, a miƙo kunun kanwa yana huci. Kuma ba a bari in ɗaga ko tsinke. In na miƙa hannu zan ɗauki buta, Inna ta riga ni. In na yunƙura zan tashi, a ce ina za ki, zauna, mi kike so a kawo maki. Duk wanda ya shigo barka sai ya ce sannu, ki huta, ki huta. Ban taɓa ganin gata irin wannan ba, kuma ina ji a jikina gatan nan yana cinye ni.

Kwana na tara na faki ido, Gwaggo ta fita, na ciro takardata daga ƙasan akwati na kwanta rigingine na ɗaga ƙafa. Na uku nake ɗagawa ta ɗaga labule.

"Inna lillahi. Mi nike gani haka? Ɗanyen jego, ƙahwa sama awa jaki na birgima?"

"Gwaggo, asibiti anka ce in riƙa yi."

"Asibiti sun haihu? Jikinki a buɗe shike. Iska shi shige ki, wa za a kama, su ko ni?"

Ta karɓe takardar ta cusa cikin jeren kwanonin Inna, can na sama wanda sai an taka turmi. Ba da mugunta ta yi ba. Da daddare ma ita ta zauna tana matsa mini ƙafafun da man shanu.

Abin da na lura da shi, don ni aikina ke nan lura, shi ne in zan shiga wanka da ƙafata nake shiga, in zan fito sai an riƙe ni. Ƙafar hagu ta zama kamar ta aro, idon dama ya yi hazo. In na sha iska kamar awa ɗaya sai su dawo. Amma kullum abin da ke dawowa yana raguwa kaɗan. Kafin kwana ashirin na koma bin bango. Tashi daga gado sai na dafa gwiwa da hannu biyu.

Wata la'asar ina kwance, suna zaton barci nake, na ji Gwaggo da Inna a bakin ƙofa. Gwaggo ke cewa yarinyar ga ba ta iya goyo da waɗanga ƙafafu, wa zai sake ta ta tafi Birni ɗaki guda ba kowa? In arba'in ta yi ba ta miƙe ba, ta zauna nan har a yaye, in an yaye ita ta koma ɗakinta, jinjira ta zauna hannun Inna. Ai dama 'yar fari ta kakanni ce. Inna ta ce to, Allah shi zaɓa abin da ya fi alheri.

Wanda bai san kunyar ɗan fari ba ba zai gane halin da na shiga ba. Ni da ko kallon yarinyar ba na yi in da mutane, nono ma sai an ce ke ba ki ji tana kuka, sannan in karɓa ina kau da kai kamar an tilasta ni. Da wane baki zan ce ina son in tafi da 'yata, ina son in goya ta da kaina? Da na faɗa, har jikokina sai an ba su labarin rashin kunyata. Na juya fuska bango na yi ta hawaye ba sauti.

Mutum ɗaya ce a duniya zan iya gaya wa, don tsakanina da ita babu kunya. Washegari da hantsi Kaka ta shigo da goronta a ƙulle a bakin zane, ta zauna bakin gado ta dube ni sama da ƙasa.

"Matar ma'aikaci, an samu wuri. Ana ta hutu, mu muna ta hayaƙi. Haka kike yi wa mijin namu can Birni? Bari in shirya in tahi in karɓe abina."

"Tahi mana. Da wane haƙori za ki ci naman da shike sayowa?"

"Da naki, in kin mutu da lalaci."

Na yi dariya, dariyar ta juye kuka. Ta bar ni na yi mai isata, tana ta ɓantarar goro. Sannan na gaya mata komai, maganar randa mai yoyo, maganar zafi, abin da nake gani kafin wanka da bayan wanka, da abin da na ji a bakin ƙofa. Ta sa aka kira Inna ta taka turmi ta sauko da takardar. Ta riƙe ta a juye, ta nisanta ta da ido, ta matso da ita.

"Waɗanga mutane yunwa ta kashe su," ta ce. "Su na za su koya maki ƙarfi?"

Na juya mata takardar daidai na nuna mata ɗaya bayan ɗaya. Wannan tashi yake ya zauna. Wannan tsayuwa yake da ƙafa ɗaya. Wannan tafiya yake yana ɗaga ƙafa. Ta tauna goronta, can ta ce, "To ai wanga shanya shike juyawa." Ta miƙe ta fita.

Da yamma Gwaggo ta haɗa ruwa, sai ga Kaka ta ɗaura zane a ƙirji ta tsaya bakin makewayi. Ta ce daga yau ita za ta yi wa jikarta wanka, hannunta na ƙaiƙayi. Gwaggo ta ce wa uwar tata, Inna ki huta, ke da bayanki. Kaka ta ce, "Sa'ad da kinka haihu wa yay yi maki, bayan wa?" Ta aiki Gwaggo ta karyo sabon ganye, wai wannan ya yi laushi. Gwaggo na juya baya ta kamfato ruwan randa ƙwarya uku ta sirka. Ta kuma ajiye wata 'yar tukunya ta tafasasshe a gefe don tururi ya riƙa tashi ta saman zana, na waje su ga ana aiki.

"Ki riƙa ƙara kina wash," ta raɗa mini. "In kin yi shiru sun gane."

Na yi ta wash, wash, ita tana fyaɗa ganye a bango. Ranar nan da ƙafata na fito.

Da safe kuma, rana ba ta yi zafi ba, aka baza shanshera a daɓen tsakar gida, wato shinkafar da aka turara ba a sussuke ta ba. Yadda ake juya ta shi ne mace ta shiga ba takalmi tana jan ƙafa a ciki, ta yi layi ta dawo ta yi wani, ta ƙasa ta koma sama. Kaka ta tsaya tsakiyar gida ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ina mai jegon? Ta hito ta taka sabuwar shinkahwa. Yau kwana ashirin da biyu, har an makara."

Gwaggo ta fito daga madafa da muciya a hannu. "Ta taka mi?"

"Al'ada ta. Can gidanmu Zauro, mai jegon hwari sai ta taka sabuwar shinkahwa kullum sahe har arba'in, ɗiya ta tashi da albarkar abinci."

"Ni ban taɓa ji ba. Ni ma ai hwari niy yi a gidan ga, ba ki sa ni ba."

"Ke da damana kinka haihu. Mi za ki taka, laka?"

Matan gida suka kwashe da dariya, har Inna ta rufe baki da gefen mayafi. Kaka daga Zauro aka auro ta tun kafin a haifi kowa a gidan, kuma ba wanda ya rage a raye da zai ce ba haka ba ne. Gwaggo ta koma madafa tana gunaguni.

Na shiga shinkafar ina dafe da kafaɗar Kaka. Ranar farko layi huɗu na yi na zauna a kan turmi ina haki. Kaka ta ce tashi. Na tashi. Ta ce a'a zauna, na mance abu. Na zauna. Ta ce tashi mana. Sai da ta yi mini haka sau goma tana ƙirgawa da yatsu a ɓoye cikin zane, masu kallo suna cewa tsohuwa ta fara ruɗewa. Shanshera tana da ƙaiƙayi, duk mai juya ta sai ta yi ta susa. Ni ƙafar dama kaɗai ke mini ƙaiƙayi. Ranar da na ji ta hagu ta fara tsikara, wajen kwana na shida, na tsaya tsakiyar shanya ina susa ina murmushi kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Ba kullum ne daɗi ba. Akwai safiyar da gwiwa ta lanƙwashe na zube cikin shinkafar, kaji suka watse. Gwaggo ta rugo ta ce kun gani ko, kun gani. Kaka ta ce mun gani, shinkahwa ba ta ji ciwo ba, tashi. Ranar na ji haushin tsohuwar nan ƙwarai, na ce a raina ita me ta sani.

Asirin ruwa bai daɗe ba. Gwaggo ta lura itace ba ya raguwa yadda ya kamata, randa kuma tana saurin ƙarewa. Wata yamma ta faɗo makewayi ba sallama ta tsoma hannu a duro, ta same ni ina wash a ruwan da jinjiri ma zai sha wanka. Ta dubi uwarta, idonta ya kawo ruwa.

"Inna, in sanyi ya kama ɗiyar mutane, ni za a zaga. Shekara nawa ina wanga aiki."

Kaka ba ta yi mata wasa ba a wannan karon. Ta ce, "Kwana nawa rabonki da ki riƙo ta daga wanka?" Gwaggo ta hau lissafi. "To ki duba ƙahwahunta kullum. Ran da kinka ga kumburi ko na ƙwayar gero, ki mai da ruwanki, ni kuma in ba ki haƙuri gaban kowa." Tun daga ranar, kowace safiya Gwaggo sai ta danna mini ƙauri da babban yatsa ta jira ta gani ko zai lotsa. Bai lotsa ba. Kunun kanwa dai ba ta sassauta ba, ta ma ƙara, wai a rama.

Saura kwana goma arba'in Kaka ta auno shinkafa mudu uku ta ƙulle a tsumma ta ɗora mini a baya, ta ce ɗaura zane. Haka na riƙa juya shanya da goyon shinkafa. Maƙwabta suka riƙa leƙowa ta katanga. Wata ta ce barka, ashe tagwaye ne. Wata ta ce wannan ɗan bai da rigima, Allah shi raya. Kaka ta ce amin, ranar suna ku zo da miya. Aka tambaye ta shi ma wannan al'adar Zauro ce? Ta ce ƙwarai, ku dai ba ku yawo.

Ana jibi arba'in maigida ya aiko cewa zai zo da motar ofis da aka ara masa. Da safen nan, bayan na gama shanya na kwance goyon shinkafa, Gwaggo ta fito daga ɗaki da yarinyar a hannu. Ba ta dube ni ba. Ta ce da Inna, "Wagga ta ishe ni da kuka, hannuna ya gaji. A ɗora wa waccan." Yarinyar kuwa barcinta take.

Na duƙa aka ɗora mini ita. Ta fi shinkafa ɗumi, kuma tana numfashi a tsakanin kafaɗuna. Na ɗaura zane, na kwance, na sake ɗaurawa. Gwaggo ta ce in kai mata ƙwarya zaure in dawo. Daga ƙofar Inna zuwa zaurenmu akwai 'yar tafiya, ga wani ɗan tudu wajen rijiya. Na kama hanya ina kallon ƙasa. Gidan ya yi tsit, mai daka ma ta tsai da taɓarya. Na haye tudun, na kai zaure, na ajiye ƙwarya. Da na juyo sai na kusa karo da Gwaggo. Ashe tun daga ƙofa tana bayana taki ɗaya, ta tara hannu biyu a ƙarƙashin goyon, ba ta taɓa ba. Ta yi maza ta sauke hannun ta hau gyaran ɗankwali.

"Mi kike kallo? Wuce mu tahi, rana na yi."

Ba wanda ya sake tayar da maganar zama har yaye. Ranar tafiya Gwaggo da kanta ta sa takardar mutanen tsinke a cikin akwatina. Ragowar itace kuwa ya kai su har bazara.

A Badariya ba daɓe, ba shanshera. Na gaya wa maigida labarin, ya yi dariya har da riƙe ciki, ran Asabar ya hau babur ɗin abokinsa ya tafi Ambursa ya dawo da rabin buhu. Kullum da sassafe in share 'yar barandarmu in baza, in taka da yarinyar a baya, in kwashe kafin rana ta yi zafi. Shinkafa ɗaya, wata huɗu. Matan gidan hayar suka rasa gane kaina. Ɗaya daga cikinsu, matar wani malamin makaranta, ta kasa haƙuri.

"Maman jinjira, don Allah shinkafar ga wane laifi ta yi maki? Ko dutse ne ai ya bushe."

Da na ce mata al'adar Zauro ce, ta ce ita haifaffiyar Zauro ce, uwarta da kakarta duk can suke, ba ta taɓa jin wannan zance ba. Dole na gaya mata gaskiya. Da na je gida na kai wa Kaka ƙara, ta ce in koma Zauro in nemo wanda ya girme ta ya ƙaryata ta. Shinkafar kuwa da aka kai inji duk ta kakkarye don bushewa, sai tuwo muka yi ta yi da ita.

Kuskuren da ya biyo baya nawa ne ni kaɗai. Damina ta sauka, ba halin shanya, jikina kuma garau, yarinya ta fara zama. Na ce bari in huta kwana biyu. Kwana biyu suka zama wata ɗaya da wani abu. Ban ankara ba sai da na zo tashi daga kujerar tsugunno na ji hannuna ya kai gwiwa da kansa. Babu Gwaggo a nan da zan ɗora wa laifi, babu ruwan zafi. Sake farawa ya fi farawa ciwo, don wannan karon na san abin da na zubar. Matar malamin nan ce ta cece ni. Kullum da safe in ta gama shara sai ta buga mini ƙofa da tsintsiya ta ce, 'yar Zauro, fito. Mu yi ta kai da komo a baranda tana ba ni labarin mutanen gari, ruwa na zuba, har in manta ƙirga nake.

Ciwon bai bar ni ba. Ya tashi sau da dama tun daga lokacin, wani tashin ya tafi da abin da bai dawo ba. Yanzu in bazara ta yi sai da sanda, kuma ba na fita tsakar rana. Amma yarinyar da ƙannenta biyu duk a bayana suka girma, kuma har gobe in na idar da sallar asuba sai na tashi na zauna sau goma kafin in nemi abin karyawa.

Abin da nake roƙon wanda ya karanta wannan kaɗan ne. In akwai mai irin ciwona a gidanku, ko duk wanda asibiti suka ce ya riƙa motsa jiki, don Allah kada ku karɓe tsintsiya daga hannunsa, kada ku riga shi ɗaukar buta. Ku tambaye shi me aka ce ya riƙa yi, ku tuna masa da safe tun da sanyi, musamman ranar da ya ce ya ji sauƙi. In kuna tsoron kada ya faɗi, ku bi bayansa kusa, ku bar shi ya taka da kansa.